Bindigar gasa da bindigar daji: amsar maƙeri ga yaronsa

Ka tambaye ni game da bindigogin da ka gani a talabijin lokacin gasar Olamfik ta 2024 a Faransa, musamman ta hannun Baturken nan mai furfura da ya zura hannu ɗaya a aljihu. Wai ko ta fi bindigogin maharban da muke gyarawa ƙarfi, kuma me ya sa ba ta ƙara, ba ta hayaƙi. Ajiye magagarin nan tukuna, ɗana, ka matso.

In ƙarfi kake nema, bindigar tokar da ke jingine a kusurwar can ta fi ta nesa ba kusa ba. Ta gasar ko albarushi ba ta ci. Iska ake dura mata a wata 'yar tukunya da ke kwance ƙarƙashin bututun, a matse ta har ƙarfinta ya kusa ninka na iskar tayar mota sau ɗari. Harsashinta 'yar dalma ce mai faɗin milimita 4.5, nauyinta bai wuce wajen rabin giram ba, kuma mita 10 kawai ake so ta tafi. Shi ya sa sai dai ka ji ƙas.

Wanda ya ƙera ta buri ɗaya gare shi: harbi na sittin ya fita daidai yadda na farko ya fita. Maharbinmu da hannu yake auna albarushi, yau ya ɗan yi yawa, gobe ya ɗan gaza, damina ta sa ya yi sanyi. Hakan bai dame shi ba, tunda ƙwayoyin bazuwa suke yi, ko ɗaya ta samu zomo an ci miya. Ɗan gasa ba shi da wannan gata. Dalma ɗaya yake sakawa kowane harbi, kuma da'irar tsakiyar allon da ake harbi mai maki goma faɗinta milimita 11.5 ne. A gasar doguwar bindigar iska kuwa, goman ɗigo ne na rabin milimita. Ɗauko tef ɗin awo ka duba ko idonka zai iya raba shi. Saboda haka aka sa wani ɗan bawul tsakanin tukunyar da bututun, wanda ke sakin iska mudu ɗaya kowane lokaci, ko tukunyar na cike ko ta yi rabi. Ita kanta dalmar ba a sayenta da ka. Sai a ɗaure bindigar a maɗauri, a gwada gwangwanin dalma iri-iri, a zaɓi wanda harbinsa goma suka bi kusan rami ɗaya. Kamfanonin da suka yi suna a wannan aiki ba su da yawa: Steyr a Austiriya, Feinwerkbau da Walther a Jamus, Pardini a Italiya, Morini a Suwizalan.

To, da yake bindigar ta riga ta fi mai riƙe da ita iya saiti, sai hukumar wasan ta duniya, ISSF, ta ɗaure ta da dokoki domin a gwada mutum. Ƙaramar bindigar ba za ta wuce giram 1,500 ba. Dole ta shige cikin wani akwatin awo mai tsawon milimita 420, faɗi 200, kauri 50. Ba a yarda da madubin da ke jawo nesa kusa ba, kuma da hannu ɗaya ake riƙe ta. Ka ga ke nan hannun da mutumin ya sa a aljihu ba gadara ba ce. Hannu ne da ba shi da aiki, kusan dukansu a aljihu ko a bel suke maƙale shi don kada ya yi lilo ya girgiza jiki.

Inda nake so ka buɗe kunne shi ne kunama, don nan sana'armu ta haɗu da tasu. Doka ta ce kunamar ƙaramar bindigar iska kada ta saki sai an ja ta da nauyin da ya kai giram 500. Yadda ake gwadawa ba wuya: a ɗana bindigar, a miƙar da bakinta sama, a rataya wa kunamar ƙarfe mai giram 500, a ɗaga a hankali. In ta ɗauki ƙarfen ba ta saki ba, ta wuce. In aka gwada bayan gasa ta kasa, an soke mutum komai makinsa. Mai gyara sai ya raba nauyin nan kashi biyu, yatsa ya cinye mafi yawansa a jan farko, saura ɗan kaɗan wanda zai saki ba tare da ja ko tirjiya ba. Wasu ma, irin na Morini, kunamarsu ta lantarki ce, da batir. Ni dai a ganina duk bindigar ba inda ake gane hannun gwani kamar nan.

Doguwar bindiga ba a ƙayyade mata nauyin kunama ba, kuma saukin nan yana da nasa haɗari. Wani Ba'amurke, Matthew Emmons, yana kan gaba a wasan ƙarshe na mita 50 a Olamfik ta Beijin a 2008, saura harbi ɗaya ya ɗauki zinare. Yana sauko da bakin bindiga kan allo sai ta tashi kafin ya gama saiti, ya samu maki 4.4, ya faɗo na huɗu. Shi ne kuma a Atina a 2004 ya ɗirka harbinsa na ƙarshe a allon maƙwabcinsa, aka ba shi sifili. Don haka in maharbi ya zo yana roƙonka ka sassauta masa kunama har ta zama ko ƙuda ya sauka ta tashi, ka ce maigidanka ya hana. Wancan a fili mai tsaro ya yi asarar lamba, wannan kuwa a daji yake tafiya da 'yan uwansa a gaba.

Sai mariƙi. Na katako ne, ana sassaƙa shi a goge, a cike wani wurin, har ya zauna a tafin mutum guda. Sharaɗin kawai kada ya zagaye hannu, kada kuma ya tallafi wuyan hannu. Wannan kam aikin da za ka iya ne, da magagarin nan naka.

Shi Baturken sunansa Yusuf Dikeç, shekararsa 51 a lokacin, tsohon jandarma ne, kuma tun 2008 yake zuwa Olamfik, wannan ne zuwansa na biyar. Shi da abokiyar wasansa Şevval İlayda Tarhan suka ci azurfa a garin Châteauroux, 'yan Sabiya suka doke su 16 da 14, kuma ita ce lambar farko da Turkiyya ta taɓa samu a harbin bindiga a Olamfik. Abin da ya sa duniya ta ɗauki hotonsa, bai sa tabarau na musamman mai marufin ido ɗaya ba, bai sa babban abin toshe kunne ba. Amma kada yaran waya su ruɗe ka cewa ya shigo da kayan banza. Bindigarsa ta gasa ce sosai, ta bi ta akwatin awo da ƙarfen giram 500 kamar ta kowa.

Na san tambayar da ke bakinka: ko za mu iya ƙera irinta a nan. Ba za mu iya ba. Bututunta yana da tsaga a murɗe ta ciki wadda ke juya dalmar, kuma inji ne ke yanka ta da awon da zugazugi da uwar maƙera ba su kai ba. Tukunyar iskar ma kwanan wata gare ta, in ta shekara goma ba a shiga gasa da ita. Ban da haka, ƙera bindiga ko gyaranta a Najeriya sai da lasisi, ko da ta toka ce. Duk wanda ya kawo gyara ba ni nan, ka fara tambayar takardarsa, ka kuma tabbata ba a ɗure take ba kafin ka ɗora ta a kan benci.