Tambaya da Amsa: Tsoron karyewa ya hana ni kafa kamfani

Tambaya: Malam, shekara shida ke nan ina yaron shago a kasuwar Farin Gada da ke Jos, kuma ina son kafa kamfanin kai dankalin Turawa Abuja, amma duk lokacin da na yunƙura sai gabana ya faɗi. Mene ne mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, tsoronka yana da tushe, domin dankali kaya ne mai ruɓewa, musamman da damina, kuma buhun da ya kwana biyu a motar da ta lalace a hanyar Akwanga ya zama asara. Saboda haka kada ka zuba dukkan jarinka a lodin farko. Ka fara da buhu goma daga Bokkos ko Mangu, bayan ka tabbatar da masu saye biyu ko uku a Abuja, kana rubuta kuɗin mota, dako da abin da ya ruɓe, domin lissafi ne zai nuna maka inda haɗarin yake.

Batun rajista kuwa ya yi sauƙi, tunda dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yi wa ƙaramin kamfani rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, wato CAC, ta intanet. Maigidanka ma, a ganina, ka nemi albarkarsa kafin ka tashi.