Likita Ya Amsa: Mata Masu Ci-rani da Ɗakin Kwanansu

Tambaya: Likita, daga wani ƙauyen Ringim na zo Kura aikin turara shinkafa. Mu takwas ne a ɗaki ɗaya, tagar ma an toshe ta da buhu saboda sanyi. Wata cikinmu ta fi wata guda tana tari, duk ta rame.

Amsa: 'Yar'uwa, tarin da ya wuce mako 2, ga rama, ga gumin dare, dole a yi zargin tarin fuka. Ku raka ta asibitin gwamnati a gwada kakinta. Gwajin da maganin duk kyauta ne, amma wata 6 ake sha, ba a dainawa don an ji sauƙi. Ku ma a duba ku. Kada ku kore ta ko ku ware mata kwano. A iska cutar take yawo. Buhun nan ku cire shi yau. Idan zafi ya shigo, irin wannan cunkoso sanƙarau yake so. Kuma na san halinku da hunturu, a shigo da kaskon gawayi a rufe ƙofa. Wannan yana kashe mutum cikin barci, ba tare da ya farka ba.

Tambaya: Aikatau nake a Kano. Ɗakina ba sakata, ban-ɗaki kuma yana waje, sai in riƙe fitsari har asuba don tsoro. Yanzu in na yi, zafi nake ji.

Amsa: Da alama ƙwayar cuta ce ta shiga mafitsara. A gwada fitsarin kafin ki sha komai, ki yawaita shan ruwa, ki ajiye fo a ɗaki. Tsoron naki ya fi damuna. Ki ce wa uwar ɗakinki a sa sakata ta ciki, kuɗinta bai kai na magani ba. In wani ya taɓa afka miki, ki zo asibiti cikin awa 72, akwai maganin kariya daga cutar ƙanjamau. Ba wanda zai ji daga bakinmu.

Tambaya: 'Yata ta dawo daga aikatau tana susa tsakanin yatsu, musamman da dare.

Amsa: Inna, wannan ya yi kama da ƙazuwa. Ku kai ta a duba a ba ku na shafawa, duk wanda suke kwana tare ya shafa rana ɗaya. Kaya da zannuwa a wanke da ruwan zafi, tabarma a baza ta a rana.