Kiɗan ambiyan zai iya ciyar da mutum a Jidda?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tsara kiɗan ambiyan, wato sautin natsuwa marar ganga marar baiti, zai iya riƙe mutum a nan Jidda. Shi kaɗai da wuya. Tun 2024 Spotify, dandalin sauraron kiɗa ta intanet, ba ya biyan ko sisi kan sautin da bai kai sauraro 1,000 a shekara ba. Bandcamp, shafin da masu kiɗa ke sayar da sautinsu kai tsaye, ya fi dama, kashi 15 cikin ɗari na cinikin yake cirewa. Kuɗin kirki yana wajen haɗa wa finafinai da tallace-tallace sauti. An sake buɗe sinima a Saudiyya a 2018, don haka ka nemi masu gajerun finafinai a bikin finafinan Bahar Maliya.

Kayan aikin ba yawa: kwamfuta, manhajar haɗa sauti ta Reaper mai dala 60, da ƙaramar rikoda irin Zoom H1n. Ka saita ingancin naɗi a rikodar kan 48kHz, 24-bit, kada ƙarar ta wuce -12dB a ma'aunin rikodar. Abin da ke kayar da sababbin hannu shi ne gurnanin na'urar sanyaya ɗaki da na lantarki, wanda a Saudiyya yake kan 60Hz a ma'aunin amon sauti. Kashe na'urar sanyaya ɗakin kafin naɗi, sannan ka rage 60Hz da 120Hz da EQ, wato abin daidaita amon sauti a cikin manhajar. A bakin teku kuwa, sa wa makirufo rigar gashi, in ba haka ba iska ce kawai za ka ji.