Ga mai tambaya kan farin tauraron da ke ƙyalli ta kudu

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun jiya da daddare, na bari sai da na samu natsuwa, don ba abin da za a amsa a layi biyu ba ne. Ka ce bayan isha'i kana ganin wani farin tauraro can ƙasa-ƙasa ta kudu, yana ƙyalli yana sauya launi, yanzu ja, an jima shuɗi. Wani kuma ya ce maka ai shi ne tauraron nan da tsananin juyawa ya sa ya baje kamar kabewa, haskensa yana ƙaruwa yana raguwa. Kana son sanin ko wannan sauyin ne idonka ke gani.

Tauraron da aka ba ka labari gaskiya ne, yana nan, Achernar ake ce masa. Idan a watan Disamba ne, tsakanin takwas da rabi zuwa tara na dare, kuma kudu sak kake fuskanta, to mai yiwuwa shi ɗin ka gani. Amma ƙyallin nan da sauyin launi ba daga jikinsa suke ba, iskar da ke samanmu ce. Duk tauraron da ya yi ƙasa, haskensa sai ya ratso iska mai kauri kafin ya iso ido, wata da ɗumi wata da sanyi, suna ta motsi suna karkatar da shi. Ka taɓa hango mota daga nesa a kan kwalta da tsakar rana lokacin bazara, ka ga tana rawa? To shi ne. Shi'ira ma, wanda sunansa ya zo a Suratun Najmi, haka yake yi idan ya fito daga gabas, har ya fi kowa, in ya hau sama kuma sai ya natsu.

Ni ma na faɗa wannan kuskuren. Lokacin da nake koyar da kimiyya a wata sakandaren kwana, na ware littafi ina rubuta hasken wannan tauraro kullum dare na tsawon wata biyu. Na ga yana dushewa yana dawowa, na yi ta murna ina cewa na kama shi da idona. Sai wani ɗalibina, yaro mai lura ƙwarai, ya ce, "Malam, ai daren da ya dushe, sauran na kusa da shi ma sun dushe." Na koma littafin na duba, wallahi duk daren da na rubuta ya ragu dare ne na hazo. Ƙurar hunturu nake aunawa. Abin ya dame ni sosai a lokacin, amma daga ranar ban ƙara auna tauraro shi kaɗai ba, sai na haɗa shi da maƙwabcinsa.

Sunansa a manhajar taurari ta waya Achernar, asalin sunan kuwa Larabci ne, Akhirun Nahar, wato ƙarshen kogi, domin shi ne a ƙarshen wani dogon jerin taurari da magabata suka kwatanta da kogi. Shi ne na tara a haske cikin taurarin dare. Mutanen Turai ba sa ganinsa daga ƙasashensu, mu kuwa Allah ya ba mu shi. A Kano yakan tashi kimanin digiri 21 daga ƙasa, wato in ka miƙa hannu ka ɗora dunƙule biyu ɗaya bisa ɗaya. A Damagaram ya ɗan fi haka ƙasa, a Kumasi ya fi haka sama. Nisansa shekarar haske 139, ma'ana hasken da ya shiga idonka jiya ya baro shi tun kafin Turawa su ci Kano a 1903.

Farinsa da ke ɗaukar shuɗi-shuɗi alamar zafi ce. Je ka maƙera ka tsaya: ƙarfe yakan fara yin ja, in an ci gaba da zuga ya koma ruwan ɗorawa, in wuta ta kai maƙura ya yi fari. Taurari ma haka suke. Fuskar ranarmu tana da zafin kimanin digiri 5,500, ta Akhirun Nahar ta ninka haka fiye da sau biyu. Nauyinsa ya kai na rana wajen sau shida, haskensa kuwa ya kai nata wajen sau 3,000.

Amma ni a wurina duk wannan ba shi ne abin mamaki ba, taurari masu zafi suna da yawa. Juyin ne. In ka fahimci juyin, sauran bayanin zai biyo da kansa.

Rana tana juyawa a kan kanta, ƙugunta yana tafiyar kilomita biyu a sakan ɗaya, tana kammala zagaye cikin kwana 25. Ƙugun Akhirun Nahar yana gudun kusan kilomita 300 a sakan. Ka ɗauki nisan Kano zuwa Kaduna, kafin ka ƙifta ido ya wuce. Duk girmansa, ba ya cika kwana biyu bai zagayo ba. Kuma ka tuna tauraro ba dutse ba ne, curin iskar gas ne mai zafi, nauyinsa ne kawai ke tattare shi wuri ɗaya. Wanda ya taɓa wulwula majajjawa ya san yadda dutse ke jan hannu yana neman ƙwacewa, kuma iya saurinka iya ƙarfin jan. Haka duk abin da ke ƙugun tauraron yake neman ficewa waje, na saman kansa da na ƙasansa kuwa, da yake a kan sandar juyin suke kamar tsinken mazari, ba abin da ke fizgarsu. Sai ƙugu ya kumburo. Duniyarmu ma ta ɗan yi hakan, faɗinta ta ƙugu ya fi tsayinta daga arewa zuwa kudu da kilomita 43, abin da ido ba zai gane ba. Na Akhirun Nahar kuwa, ƙugun ya fi tsayin da sulusi da ɗoriya: ta ƙugu ya kai faɗin rana sau tara, ta tsaye bai kai bakwai ba.

An auna wannan ne a ƙarshen 2002, aka bayyana sakamakon a 2003, a dutsen Paranal da ke ƙasar Chile, inda aka haɗa hasken na'urorin hangen nesa fiye da ɗaya suka yi aiki kamar babbar na'ura guda. Awon farko ya nuna ƙugu ya ninka tsayi sau 1.56, abin ya ɗaure wa masana kai, domin lissafi ya nuna in tauraro ya wuce ɗaya da rabi, ƙugunsa ba zai zauna a jikinsa ba. Da aka sake awo shekaru bayan nan sai aka samu 1.35. Iskar gas da ke kewaye da shi ce ta shiga awon farko ta ƙara masa faɗi. Ina son wannan labari, na sha ba ɗalibai shi, don su ga manyan masana ma sukan koma su gyara.

Kumburin yana jawo wani abu da ba kowa zai zata ba: zafin jikinsa ba ɗaya ba ne. Ƙugu ya yi nisa da cibiyar tauraron, nauyi bai danne shi sosai ba, zafin da ke fitowa ta nan ya yi ƙasa. Sama da ƙasa sun fi kusa da cibiya, sun fi zafi da haske. A Akhirun Nahar, saman kai yana kai wa digiri 17,000, ƙugu kuwa wajen 12,500. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Hugo von Zeipel, ya fitar da wannan da lissafi tun 1924, shekaru da dama kafin a samu na'urar da za ta tabbatar. Saboda haka in aka tambaye ka zafin irin wannan tauraro, sai ka ce ta wane gefe? Wanda ke kallonsa ta saman kai zai gan shi ya fi shuɗi da haske fiye da mai kallonsa ta ƙugu.

Yanzu ga inda sauyin haske na gaskiya yake. Tunda abin da ke ƙugu dama da ƙyar yake riƙe, ɗan turi kaɗan ya ishe shi ya fice. Irin waɗannan taurari jikinsu yana bugawa, wani sashe ya ɗago wani ya lotsa, kuma mafi yawan masu bincike sun karkata ga cewa wannan bugun ne ke ƙarasa aikin. Gas ɗin da ya fice ba ya tafiya nesa, sai ya shiga zagaya tauraron daidai ƙugu, ya bazu ya zama kamar faifai da tauraro a tsakiyarsa. Ka lura da tayar keke in ta bi ta taɓo, ta gefe ɗaya take watso laka, ba ta ko'ina ba. Faifan nan yakan taru cikin watanni ko shekaru, ya yi kauri, in tauraron ya daina ciyar da shi ya watse, wani ya koma jiki wani ya ɓace, bayan wani lokaci a sake sabon lale.

Ko faifan zai ƙara haske ko zai rage, wannan ya danganta da inda muke tsaye. In muna kallonsa ta fuska, shi ma yana haske, sai ya haɗu da na tauraron mu ga ƙari. In ta gefe muke kallo, sai ya gitta tsakaninmu da ƙugun ya tare wani abu, mu ga ragi. Abu ɗaya ne, mazauni ne ya bambanta.

Ta yaya aka san da faifan tun ba a iya ganinsa? In aka raba hasken tauraro ya zama bakan gizo, yawanci akan ga siraran layuka masu duhu a ciki. A 1866 wani limamin Kirista masanin taurari a birnin Rum, Angelo Secchi, ya duba tauraron da ake kira Gamma Cassiopeiae, ya ga inda ya kamata layin haidurojin ya yi duhu, shi haske yake yi. Sai a 1931 Otto Struve, da ke aiki a Amurka, ya kawo bayanin cewa saurin juyi ne ke sa tauraro zubar da gas a ƙugunsa, gas ɗin ne ke fitar da layin mai haske. Wannan dangi su ake kira taurarin Be, kuma Akhirun Nahar shi ne mafi haske a cikinsu.

Sai dai sauyin haskensa shi ɗan kaɗan ne, bai fi kashi biyar ko shida cikin ɗari ba. Ido ba ya kama wannan, balle a ƙasa-ƙasa cikin hazo. Kada ka ɓata darenka a kansa kamar yadda na yi. Kalle shi don ka san shi, in kana son ganin sauyi kuwa, ga biyu da suka fi.

Na farko, a daidai lokacin da Akhirun Nahar ya tsaya a kudu, juya ka fuskanci arewa. Za ka ga taurari biyar sun yi siffar harafin M. Na tsakiyar shi ne wanda Secchi ya duba. A 1937 ya yi haske har ya zarce sauran huɗun da nisa, zuwa 1940 ya dushe sama da ninki uku, daga baya ya yi ta farfaɗowa a hankali. Yana da maƙwabta biyu a jerin da haskensu ya yi kusa da nasa, su ne ma'auninka.

Na biyun shi na fi so, don a gidanmu yake. Kaza da 'ya'yanta, wadda malamai ke kira Surayya, ba Bahaushen da ya kwana a tsakar gida bai san ta ba. Kakata ce ta fara nuna mini ita, tana cewa in ƙirga 'yan tsakin, kullum shida nake samu. Sai da na girma na samu tabarau mai hangen nesa irin na ido biyu, na ga a gefen gabas na tarin akwai biyu manne da juna, babba da ƙarami. Babban shi ne Atlas, ƙaramin Pleione. Ƙaramin nan tauraron Be ne, yana juyi kusa da iyakar da jikinsa zai iya ɗauka, nisansa ya haura shekarar haske 400. Tun ƙarshen ƙarni na 19 ake bibiyarsa. Ya yi faifai, ya zauna shekaru babu, sannan ya sake wajen 1938, ya sake a farkon shekarun 1970, ya kuma sake wajen 2006, tazarar kusan shekara 34 ke nan kowane karo. Tsakanin mafi haskensa da mafi dushewarsa akwai kusan ninki biyu. Daren da na fara raba shi da Atlas a tabarau na daɗe a zaune kan tabarma ban ce komai ba, ina tunanin ashe cikin 'yan tsakin da nake ƙirgawa ina yaro akwai wanda ke wulwulawa haka yana zubar da jikinsa, mu kuma muna ganinsa tsit.

Ka ga ke nan sauyin nasu na shekaru ne, ba na ƙiftawar ido ba, sai mai haƙuri. In za ka fara, samu littafi, ka rubuta kwanan wata, lokaci, da yanayin sama, ko akwai hazo ko farin wata. Ka jira tauraron ya hau sama sosai. Ka zauna cikin duhu kamar minti goma sha biyar ba ka kalli waya ba, sannan ka gwada shi da maƙwabta biyu, ɗaya da ya fi shi haske ɗaya da bai kai shi ba, ka rubuta wanda ya fi kusa da shi. Sau ɗaya a mako ya isa. Akwai ƙungiyar AAVSO a Amurka, tun 1911 take karɓar irin wannan awo daga mutanen gari a ko'ina a duniya, ba sai mai digiri ba.

Abu ɗaya ya rage. In tauraron da ka gani ta kudu maso gabas yake a wannan lokacin, kuma ya fi wanda na kwatanta haske, to Suhailu ne, shi ba ya cikin wannan dangi. Faɗa mini garin da kake, da ƙarfe nawa ka gan shi, da kuma dunƙule nawa ya tashi daga ƙasa, in sha Allahu zan gaya maka wanne ne.