'Yan wasa 11 sun isa kakar kwandon jami'a?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙungiyar jami'ar da kake goyon baya a Amurka za ta kai labari da 'yan wasa 11 kacal a kakar da ke tafe. Ni dai adadin bai tayar min da hankali ba. Wasan ƙwallon kwando na maza na NCAA, wato hukumar wasannin jami'o'in Amurka, minti 40 ne, mutum biyar a fili, kuma idan wasa ya yi zafi yawancin masu horarwa mutum bakwai ko takwas suke juyawa.

Dogayen da ke ƙarƙashin raga su ne abin dubawa. Laifi biyar ke fitar da ɗan wasa. In dogonku ya kwashi biyu kafin hutun rabin lokaci, wa zai taso daga benci? In ɗan shekarar farko ne da ƙashinsa bai yi ƙwari ba, to da sauran aiki. Sannan mutum biyu su ji rauni, ko atisayen biyar da biyar ya gagara.

Ƙungiyar Jami'ar Kentucky a kakar 2014-15 ta rasa ɗan wasanta Alex Poythress a Disamba saboda raunin gwiwa, amma da yake bencinta cike yake da gwanaye, ta ci wasa 38 a jere kafin Jami'ar Wisconsin ta taka mata birki.