Me ake gani a tsohon fim ɗin nan na baƙi da fari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai koyon harkar fim. Malaminmu ya ce duk mai son ya gane abin da ake kira "film noir" ya nemi The Third Man ya kalla. Na nemo na kalla a waya, kuma gaskiya ban ga abin yabo ba. Ba kala, ba wani faɗan kirki, kyamara a karkace kamar mai ɗaukar ya sha wani abu, kiɗan kamar na gidan biki, ekta ɗin kuma sakarai ne, har yarinyar ma ba ta kula shi ba a ƙarshe. Don Allah me ya sa ake kambama shi haka? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ƙanena, idonka ya yi aiki, domin duk abin da ka lissafa yana cikin fim ɗin, kuma duk da gangan aka sa shi. Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri, zan fasa ƙwan labarin har ƙarshe.

Sunan "film noir" dai daga Faransa ya fito. Lokacin da Jamus ta mamaye ƙasar a Yaƙin Duniya na Biyu, finafinan Amurka sun daina shiga. Da suka dawo a 1946, masu sharhi a Paris, cikinsu har da Nino Frank, suka ga an samu wani sabon salo: dare, inuwa, cin amana, mutanen da ba ka iya rantsewa a kan ko ɗaya daga cikinsu. Suka kira shi "noir", wato baƙi. Baƙin nan ya haɗa da na hoto da na zukatan mutanen da ke cikin labarin. The Third Man, wanda Carol Reed ya ba da umarni, Graham Greene ya rubuta, ya fito a 1949. Na Birtaniya ne, shi ya sa wasu masu tsattsauran ra'ayi ke ja da sa shi a wannan layi. Ni ban damu da wannan gardamar ba.

Fara da garin. Vienna da ka gani a fim ɗin ba gini aka yi don fim ba. Reed ya kai ma'aikatansa can a ƙarshen 1948, tarin ɓaraguzan da bama-bamai suka bari suna nan a gefen titi. An raba babban birnin Ostiriya gida huɗu tsakanin Amurka, Birtaniya, Faransa da Tarayyar Sobiyet, tsakiyar gari kuma ta haɗin gwiwa, inda soja huɗu daga ƙasa huɗu ke sintiri a mota ɗaya, ba mai jin yaren wani sosai. Haka aka zauna har 1955. A irin wannan gari abinci, sigari, taya, takardar shaida, komai ta kasuwar bayan fage ake samu. Mai daraja jiya ya koma ɗan fasa-ƙwauri yau, yana sanye da tsohuwar kwat mai tsada. Duba fuskokin abokan Harry Lime, mutumin da labarin ke zagaye da shi, a jana'izarsa ta farko: murmushi a baki, ido yana lissafi.

Cikin wannan gari aka jefo Holly Martins, Ba'amurke marubucin ƙananan littattafan kaboyi, aljihu wayam, ya zo ne saboda amininsa Harry ya yi masa alkawarin aiki, sai ya tarar ana binne aminin. Ka ce sakarai ne. Haka ne, kuma nan ne fim ɗin ya fara yi mana wayo. Mu da muka tashi da finafinan Indiya mun saba da ekta da bos: wannan na kirki, wancan mugu, a daku, ekta ya yi nasara ya tafi da yarinya. Holly ma haka yake ganin duniya, don irin labarin da yake rubutawa ke nan. Yana sauka ya yanke hukunci cewa Manjo Calloway, jami'in sojan Birtaniya da ke kiran Harry ɗan damfara, shi ne azzalumi, shi kuwa zai wanke sunan abokinsa. Baƙo ko da ido makaho ne. Bincikensa bai wanke kowa ba, sai ma ya jawo aka kashe tsohon mai gadin gidan da Harry ke zaune, wanda ya yi suɓul da baka ya ce mutum uku ne suka ɗauke gawar Harry daga titi bayan mota ta buge shi, ba biyu ba. Ka lura kuma da yadda mutanen gari ke ta zuba Jamusanci a gabansa ba a fassara mana. An bar mu cikin duhun da yake ciki, muna kallon baki muna neman ma'ana a fuska.

Yanzu zo mu tsaya a ƙofar nan, domin idan ka gane wannan fitowa ka gane rabin fim ɗin. An yi kusan awa guda ana zancen Harry Lime. Kowa da nasa Harry: na Holly aboki, na Anna masoyi, na Calloway mai kisa. Anna ta riga ta faɗa cewa kyanwarta Harry kaɗai take so. Sai ga kyanwar ta bi titi cikin dare, ta shiga wata ƙofa mai duhu, ta kwanta a kan takalmin wani tana wasa da igiyarsa. Ba mu ga komai ba sai takalmin. Holly, a buge, yana ta ihu wai ɗan leƙen asiri ya fito. Ihun ya tada wata mata a bene, ta kunna fitila tana faɗa, hasken tagarta ya faɗo daidai kan fuskar da ke cikin ƙofar. Harry ne, wanda ɗan wasa Orson Welles ya fito a matsayinsa, da rai, yana ɗan murmushin yaron da aka kama da hannu cikin tukunya. Bai ce uffan ba. Matar ta kashe fitila, mota ta gitta, ƙofa ta koma wayam, sai ƙarar takalmi da inuwa tana gudu a bango.

Tambayi kanka me ka ji a wannan lokacin. Yawancin masu kallo daɗi suke ji, har su mayar masa da murmushin. Alhali kafin nan Calloway ya baje hujja: Harry yana sayen allurar fenisilin da aka sato daga asibitocin soja, ya yi mata algus da ruwa, ya sayar. Waɗanda aka yi wa allurar sun haɗa da yara masu sanƙarau. Mai karanta Hausa ba ya buƙatar a yi masa bayanin sanƙarau ko jabun magani. Mun san wannan duka, amma fuskar ta saye mu. Fim ɗin ya sa mun ɗanɗana abin da ya hana Holly da Anna ganin gaskiya shekara da shekaru, kuma bai yi mana wa'azi a kai ba.

Daga nan sai babban lilon nan mai juyawa na filin Prater, wanda aka gina tun 1897, tsayinsa kusan mita 65. A can sama Harry ya buɗe ƙofa, ya nuna mutanen da ke ƙasa sun zama ɗigo-ɗigo, ya tambayi Holly ko zai ƙi fam dubu ashirin a kan kowane ɗigon da ya daina motsi. Cikin raha yake maganar, yana ƙorafin ciwon ciki. Mutanen da suka fara kallon fim ɗin a 1949 shekara huɗu kacal ke nan da fitowa daga yaƙin da aka riƙa sako bam daga sama a kan ɗigo irin waɗannan. Amsar wannan magana ba ta fito daga bakin kowa ba. Calloway ne ya bi da Holly ta ɗakin yara a asibiti. Ba a nuna mana yaro ko ɗaya ba, sai gefen gadaje, masu jinya, fuskar Holly, da 'yar tsanar da aka jefar domin mai ita ba ya buƙatarta kuma. Wannan kawaici shi nake so ka koya a matsayinka na ɗalibi. Daraktan da bai kai Reed ba da ya cika mana ido da kuka.

Karkatar kyamara kuwa, garin ne a karkace, don haka aka hana idonka samun wurin tsayawa. Salon ya samo asali daga finafinan Jamus na shekarun 1920. Zan yarda da kai rabi: akwai wuraren da Reed ya yi yawa da ita, har mutum ya fara lura da kyamarar maimakon labarin. Amma hasken ba shi da makusa. An riƙa jiƙa duwatsun titi da ruwa don su mayar da hasken fitila, a ajiye fitila ƙasa-ƙasa ta yadda inuwar tsoho mai sayar da balan-balan za ta haye bango kamar dodo. Robert Krasker, mai ɗaukar hoton, ya ci kyautar Oscar a kan wannan aiki, fim ɗin kuma ya ɗauki babbar kyautar bikin finafinai na Cannes a 1949. Da kala aka yi shi, da rabin wannan ya zube.

Kiɗan na mutum ɗaya ne, Anton Karas, wanda Reed ya tsinta a Vienna yana kaɗa zita, wani abin kiɗa mai tsirkiya da yawa da ake kwantarwa a kan tebur. Ka ce kamar na biki. To, kiɗan Harry ne: mai daɗi, mai shiga rai, ba ruwansa da wanda ya mutu. Sake saurara a maƙabarta, za ka ji tsirkiyar nan tana rawa kamar mai shirin kuka.

Sai yarinyar. Anna ta san abin da Harry ya yi wa yara. Holly ya yarda ya zama tarkon kama Harry don a ba ta damar barin garin, da ta gano farashin tikitin sai ta fasa tafiyar. So hana ganin laifi, za ka ce, amma ita ta ga laifin sarai, ta dai ƙi cin ribar sayar da mutum. Holly ya yi abin da ya dace, har ya harbe amininsa da hannunsa a magudanar ruwa ta ƙarƙashin gari, bayan yatsun Harry sun leƙo ta ramukan murfin ƙarfe sun kasa ɗaga shi. Bayan jana'iza ta biyu ya sauka daga motar Calloway, ya jingina da amalanke yana jira. Kyamara ta tsaya cak, wannan karon a miƙe. Anna ta taho daga nesa tsakanin bishiyoyi, ganye na zuba, fiye da minti guda tana tahowa, ta wuce shi ko kallo babu. Ya kunna sigari. Greene ya so a ƙare da su biyun tare, Reed ya ƙi, daga baya Greene ya amsa cewa Reed ne da gaskiya.

Ka sake kallo, amma ba a waya da rana tsaka ba, don ƙaramin gilashi yana cinye baƙin ya mayar da shi toka. Samu talabijin ko kwamfuta, da dare, ka kashe fitila. Ka nemi kwafin Birtaniya mai minti 104, wanda muryar Reed ke buɗe shi. Na Amurka an yanke masa kusan minti 11, an kuma rage wa Holly wautar da ka yi ƙorafi a kanta.