Ƙarin gashin da ya tsufa: a sabunta shi ko a rabu da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na yi kitso da ƙarin gashi na roba, yau wata biyu ke nan. Ya cukurkuɗe, kaina na ƙaiƙayi, in na yi wanka sai ya wuni bai bushe ba. Yaushe ya kamata in cire in sa sabo? Sallolin da na yi da shi kuma fa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, kafin mu zo kan sabuntawa sai mun duba hukuncin ƙarin kansa.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar (RA) cewa wata mata ta zo wurin Annabi (SAW) ta ce 'yarta amarya ce, ƙyanda ta kama ta har gashinta ya zube, ko ta ƙara mata? Sai ya ce Allah Ya la'anci mai ƙara gashi da wadda ake ƙara wa. Ki duba fa, amarya ce za a kai ɗakin miji, ga lalurar ciwo, amma ba a yi mata rangwame ba. Shi ya sa mazhabobin nan huɗu suka haɗu a kan haramcin ƙari da gashin ɗan Adam.

Saɓanin yana kan wanda ba na mutum ba. Hanafiyya sun halatta. Shafi'iyya sun halatta mai tsarki ga matar aure da izinin mijinta. Imam Malik ya hana ƙari da kowane abu, hujjar kuwa hadisin Jabir ne a Sahihu Muslim, cewa Annabi (SAW) ya tsawatar kada mace ta haɗa wani abu da gashin kanta. Wannan nake rinjayarwa game da na roba, domin an ƙera shi ne don mai gani ya ɗauka gashinki ne, kuma a ruwayar Mu'awiya (RA) Annabi ya kira ƙari da sunan zur, wato ƙarya. Saboda haka ki tsefe shi yanzu, ki nemi gafarar Allah, kada ki mayar da wani. Zare mai launi da kowa ya gani ya san ado ne bai shiga hanin ba, kamar yadda Alƙali Iyadh, babban malamin Malikiyya, ya bayyana.

Abin da ya fi damuna a tambayarki shi ne tsarki. Ummu Salama (RA) ta tambayi Annabi (SAW) ko za ta warware kitsonta don wankan janaba, ya ce mata a'a, ya ishe ta ta zuba ruwa sau uku a kanta. Wannan ga kitson da ruwa ke ratsawa ne. Malamanmu na Malikiyya sun ce kitson da aka yi da zaruruwa masu yawa sai an warware shi, a wanka da kuma shafar kai ta alwala. Idan kin tabbata ruwa yana kaiwa fatar kanki, kuma kina shafa gashinki na asali, sallolinki sun yi, laifin ƙarin daban. Idan kuwa da gam aka manna shi, ko ya yi tsaurin da ruwa ba ya shiga, wankan bai yi ba. Ki cire, ki sake wanka, ki rama abin da kika sallata a wannan hali.

Ko kitso da zaren da ya halatta ma ba a barinsa ya daɗe. Da zarar gindin kitso ya tara amosani da maiƙo, ko kai ya fara tsami saboda damshi, ko kika ga ƙananan ƙuraje a gaban goshi gashin wurin yana tsinkewa, lokacin tsifa ya yi, domin Musulunci ya hana cutar da kai. Likitocin fata sun san zubewar gashi da jan kitso ke jawowa, kuma in ta daɗe gashin ba ya sake tsirowa. Naki da ya kai wata biyu yana ƙaiƙayi, ki warware a hankali da mai, ki wanke kan, ki bar shi ya sha iska. In ƙaiƙayin bai lafa ba, ki ga likita.

Wallahu a'alam.